Gishiri, inuwa ko bagaruwa: wace hanya ta dace da fatar da ke hannunka?

Ranar Babbar Sallah, kafin azahar, ƙofar masallacin ƙauyenmu takan cika da fatun layya. Wani ya kawo tasa a naɗe cikin buhu, wani yaro ya jawo ta a ƙasa, wani ya aiko da ita da kitse da guntayen nama a jiki. Shekarar da aka ɗora mini aikin tattara su, na jibge su a zaure na lulluɓe da buhuna, ina jiran motar da za ta kai su Kano. Motar ba ta zo ba sai bayan kwana biyu. Da dillali ya sa yatsu ya ja gashin ta farko, sai gashin ya biyo hannunsa. Bai ce komai ba, ya ware ta gefe ya ɗauki ta biyu. Abin da ya ware ya fi abin da ya saya. Sadakar mutane ce ta ruɓe a hannuna, kuma har yau abin yana damuna.

Tun daga nan nake bin mahauta da majema da tambaya. Abin da na fara ganewa shi ne, mutane suna haɗa aiki biyu su kira su abu ɗaya. Adana ɗanyar fata daban, jima daban. Adanawa tsayar da ruɓa ne kawai, fatar tana nan ɗanya, ranar da ta jiƙe za ta ci gaba da lalacewa daga inda ta tsaya. Jima kuwa sauya ta ne gaba ɗaya ta zama abin da baduku zai yanka ya ɗinka. Don haka mararraba biyu ce a gabanka: da me za ka adana, sannan wace jima za a yi, idan ma za a yi.

Abubuwan da za ka auna

Na farko, kuma shi ne uban sauran: me fatar nan za ta zama? Wadda za ta tafi masana'anta, da wadda za ta zama buzun salla, da wadda za a ɗaura wa kalangu, da wadda ake so a cusa ta tsaya kamar dabbar tana raye, ba hanya ɗaya suke bi ba. Tun ran gini ran zane. Tun kafin a sa wuƙa ya kamata ka san amsar.

Na biyu, yanayi. Abin da ya yi kyau a hunturu yana iya ruɓewa a Agusta. A waɗannan shekarun Babbar Sallah tana faɗowa ne a ƙarshen bazara ko farkon damina: a 2024 da 2025 duk a watan Yuni aka yi ta, kuma kowace shekara tana matsowa baya da kamar kwana 11. Ke nan fatun layya suna zuwa ne a lokacin da zafi da laima suka haɗu, wanda shi ne mafi muni ga ɗanyar fata.

Sai kuɗin da za ka kashe, da tsawon lokacin da fatar za ta jure, da wahalar aikin, da haɗarinsa. Haɗarin iri biyu ne: na asarar fatar, da na lafiyar mai aikin da ta mutanen da ke kusa.

Akwai kuma abin da ba zaɓi ba ne, kowace hanya ka bi sai ka yi shi. Kusan kashi biyu cikin uku na nauyin ɗanyar fata ruwa ne, ga jini ga ɗumi, ƙwayoyin ruɓa ba sa neman abin da ya wuce haka. Daga gindin gashi suke farawa, shi ya sa zubewar gashi ita ce alamar farko. A zafinmu, awoyi kaɗan ke gare ka, ba kwana ba. Da an gama fiɗa, a shimfiɗa fatar a inuwa, ɓangaren nama yana sama, ta huce. A kankare kitse da nama, a wanke jini da kashi, a bar ruwan ya tsane. Kada a naɗe ta da ɗuminta, kada a cusa ta a leda. Ta tunkiya ta fi saurin lalacewa saboda kitse da gashin da ke riƙe zafi. Mai fiɗa kuma ya riƙa amfani da dunƙulen hannu inda fata ke saɓulewa da kanta. Huji ɗaya a tsakiyar baya yana sauke fata daga aji na farko, kuma babu gishiri ko bagaruwar da za ta toshe shi.

Shanya a ƙasa cikin rana

Ita ce wadda muka gada, kuma ita ce ba ta cin ko sisi: a baje fata a ƙasa, a kafa tsinkaye a gefe, a tafi. Washegari ta yi ƙarau, mai ita yana murna.

Matsalar a ɓoye take. Rana tana ƙone saman ya ƙandare ya toshe, iska ba ta shiga ta ƙasa, sai tsakiyar fatar ta zauna da ruwanta tana ruɓewa a hankali. Kitsen da ya rage yana narkewa ya shige jikinta. Yashin bazarar da kai ba ka iya takawa ba takalmi, dafa fatar yake yi. Ba za ka ga komai ba sai ranar da majemi ya jiƙa ta, sannan fuskar ta tashi ta yi bororo, wani wurin ya rarake. Masu saye sun san wannan sarai, shi ya sa da sun ga ƙasa a jikin gashi da ramukan tsinke a gefe suke karya farashi tun kafin ka buɗe baki. Ban ga buƙatar da zan ba wa wannan hanya ba, sai dai in an rasa gishiri an rasa igiya.

Shanyar inuwa a rataye

Bambancinta da ta farko abu biyu ne: inuwa, da iska ta gaba da baya. Fatar akuya ko ta tunkiya, a rataye ta a kan igiya ta tsawon ƙashin baya, nama a waje, a sa ƴan karare a buɗe ƙafafu da gefuna don kada su naɗe su riƙe ruwa. Ƙirgi kuwa sai an yi masa firam na itace, a huda gefe-gefe a ɗaure da igiya, a ja daidai ba tare da an tsananta ba. Idan aka ja da yawa fatar takan yi siriri a ciki, ta rasa ƙarfi.

Kuɗinta igiya ce da itace, kuma za su yi shekaru. A hunturu fatar akuya kwana biyu zuwa uku ta isa, ƙirgi yakan kai mako. Nauyi yana raguwa sosai, wanda ke zuwa kasuwar Maigatari ranar Alhamis ko ta Wudil ranar Juma'a a kan babur ya san amfanin wannan. Idan ta bushe da kyau tana yin watanni.

Abokan gabarta biyu ne. Na farko damina: iskar da ke ɗauke da laima ba ta busar da komai da wuri, fatar takan fara wari tana rataye. Na biyu ƙwaron fata, ɗan baƙin ƙwaron nan mai tsutsa mai gashi-gashi. Mutanen Hadeja sun san shi, shi ne dai mai cin bandar kifi. Yana shiga ta lungun da aka bar kitse, ya yi ta huda. Maganinsa na farko kankarewa da kyau, sai ɗora fatun a kan katako nesa da ƙasa da bango, da fito da su ana kakkaɓewa duk mako. Masu zuba maganin ƙwari suna samun sauƙi, amma ina roƙo da babbar murya: ƙirgin da aka zuba wa magani kada a sayar da shi ga masu ganda. Cikin mutane zai shiga.

Wani kuskuren da ake yi shi ne lanƙwasa busasshiyar fata da ƙarfi don ta shiga buhu. Fuskar tana tsagewa, kuma tsagar tana nan har bayan jima. A ninke ta sau ɗaya ta tsawon baya, gashi a ciki, tun da sauran ɗan laushinta.

Gishiri

Nan zan daɗe, don a ganina ita ce hanyar da ta fi dacewa da yawancin masu karanta wannan, kuma ita ce aka fi yi ba daidai ba.

Gishiri yana zuƙe ruwan fata, wanda ya rage kuma ya mai da shi ruwan da ƙwayoyin ruɓa ba sa iya rayuwa a ciki. Ba ya jiran rana, ba ya jiran iska, shi ya sa yake aiki ko ana tsuga ruwan sama. Ƙa'idar ita ce gishirin ya kai kashi ɗaya cikin uku zuwa rabin nauyin ɗanyar fatar. Ƙirgi mai kilo 20 yana son kilo 7 zuwa 10. Fatar akuya ko ta rago, ka auna da ido: a rufe ɓangaren naman gaba ɗaya har ba a ganin jiki, a murza shi cikin wuya da hammata da gindin wutsiya da gefuna, don nan ne ruɓa ke farawa. Barbaɗa tafi biyu a tsakiya a naɗe ba sa gishiri ba ne, ɓarnar gishiri ce.

A shimfiɗa ta a kan abin da ya ɗan karkata don ruwan da zai fito ya gangara. Idan suna da yawa a jera su ɗaya kan ɗaya, nama a sama, kowace da nata gishirin. Bayan kwana biyu ko uku a kakkaɓe jiƙaƙƙen a zuba sabo. Daga nan zaɓi biyu ne. Ko a bar ta da laimarta a ninke, wadda masana'antu suka fi so saboda tana saurin komawa kamar sabuwar fiɗa idan an jiƙa ta. Wannan tana yin makonni a ɗaki mai sanyi. Ko kuma a rataye ta a inuwa ta bushe da gishirinta, wadda ke yin watanni da yawa kuma ƙwaro bai cika damunta ba.

Kuɗin gishiri shi ne babban cikas. Buhu yana da tsada, kuma a shekarar da fata ta faɗi a kasuwa za ka ji mutane suna cewa gishirin ya kusa cin ribar. Lissafin gaskiya ne idan fata ɗaya ce. Amma wanda ya tara hamsin ko ɗari, ya kwatanta kuɗin buhu da kuɗin fatun da dillali zai ware gefe, zai ga inda asarar take. Kuma a sayi gishirin tun kafin Sallah, ba ranar da fatun ke kwance ba.

Abubuwa uku ke ɓata aikin gishiri. Maimaita tsohon gishirin da ya sha jini: yana kawo wani ja-ja a jikin nama, wanda wasu ƙwayoyi masu son gishiri ke haddasawa, kuma yana cin fuskar fata. Taɓa ƙarfe: kwano mai tsatsa ko ƙusa suna barin tabon da ba ya fita. Sai makara: fatar da gashinta ya fara zuba, gishiri zai tsayar da ruɓar amma ba zai mayar da abin da ya tafi ba. Ruwan da ke tsiyaya kuma kada a bar shi ya gangara gindin bishiya ko bakin rijiya, yana kashe ƙasa.

Mai ganga da kalangu ba ya son fatar gishiri. Gishiri yana jawo laima daga iska, fatar ta saki, sauti ya mutu. Shi busasshiya ta inuwa yake nema.

Jimar bagaruwa

Wannan ita ce tamu. Da ita aka jeme fatun jar akuya da fatake suka riƙa ketara Sahara da su har Turawa suka san su da sunan fatar Maroko, kuma lokacin da Heinrich Barth ya zo Kano a 1851 ya tarar da cinikin fata da takalma a cikin manyan sana'o'in birnin. Har yau majemar Ƙofar Wambai tana aiki, kuma da wuya ka rasa majemi a manyan garuruwan Kano da Jigawa.

Aikin kansa mataki-mataki ne. A jiƙa fata ta yi laushi. A sa ta a ruwan toka, wasu yanzu suna amfani da ragowar kabayid na masu walda, har gashi ya saki a kankare. A sa ta a ruwan kashin tattabara, wanda ke fitar da tokar ya sa fatar ta yi santsi da laushi. A wanke, sannan ta shiga kwatarniyar dakakkiyar bagaruwa. A nan ne gwani ke bambanta da ɗan koyo: ana farawa da ruwa marar ƙarfi, a riƙa juyawa ana ƙara bagaruwa. Idan aka fara da mai ƙarfi, waje zai jemu ya toshe, ciki ya zauna ɗanye, irin dai abin da rana ke yi wa fatar da aka baje a ƙasa. Gwajin mai sauƙi ne, a yanki bakin wuya inda ya fi kauri a duba. In akwai farin layi a tsakiya, da sauran aiki. Fatar akuya kwanaki take ɗauka, ƙirgi makonni. Bayan nan a shafa man gyaɗa, a yi ta ja da bugu har ta yi laushi, mai son ja ya rina da karan dafi.

Kada a yi wannan aiki a garwa ko durom na ƙarfe. Bagaruwa da ƙarfe in sun haɗu baƙi suke yi, wanda shi ne ma sirrin baƙin rinin da dukawa ke zana ado da shi. Kwatarniya ko robar wanka mai faɗi.

Ta fuskar kuɗi, wanda ke kusa da fadama yana iya tsintar bagaruwa da rani ya ajiye, toka kuwa tana murhu. Tsadarta ruwa ne da lokaci da ƙarfi. Ta fuskar daɗewa, gafakar kakanninmu da ke rataye har yau ita ce shaida. Fatar tana da jiki, tana karɓar zane da rini, tana riƙe siffar da aka ba ta. Rauninta shi ne in ta jiƙe sosai ta bushe takan ƙandare sai an sake shafa mai, kuma a damina tana yin fumfuna idan ɗaki ba iska. Haɗarinta ga lafiya kaɗan ne, sai dai ruwan toka da kabayid suna cin hannu, ga wari da maƙwabta ba za su gode maka ba.

Shawarata ga wanda bai taɓa yi ba: kada ka koya a kan fatar da kake ƙauna. Kai wa majemi, ka biya ladan aiki, ka zauna ka kalla. Mai son ya mai da abin sana'a da ilimin zamani, akwai cibiyar nazarin fata ta NILEST a Samaru, Zariya.

Alimun da gishiri, ga mai son gashi ya zauna

Buzu da fatar ado da fatar da za a cusa duk suna da sharaɗi ɗaya: gashi kada ya motsa. Ke nan babu ruwan toka, babu dogon jiƙo, kuma gishiri ya hau tun awa ta farko. Ana yin buzu da bagaruwa, yana kuma da ƙarko, amma idan aka tsoma farin rago a ciki gashin yakan ɗauki launin ƙasa-ƙasa. Wanda ke son fari ya zauna fari yakan koma ga alimun, wannan dai da ake sa wa ruwan sha ya kwanta.

Ana narkar da alimun da gishiri a ruwa, a tsoma fatar da aka kankare aka wanke mata kitse da sabulu, a riƙa juyawa kullum na kamar mako, ko kuma a kwaɓa da kauri a shafe ɓangaren naman kawai. Sannan a ɗauraye sama-sama, a shafa mai, a yi ta ja a kan gungume yayin da take bushewa. Wannan jan shi ne rabin aikin. In ka bari ta bushe ba ka ja ba, allo za ka samu. Tana fitowa fara tas, mai laushi.

Ga gaskiyar da ba a cika faɗa ba: alimun bai kama fata kamar yadda bagaruwa ke kamawa ba. Ruwa yana wanke shi, fatar ta koma kusan ɗanya. Buzun alimun na cikin ɗaki ne. Ba na makiyayi ba ne, ba na wanda ruwa zai doka a hanya ba.

Sana'ar cushen fata, wato a feɗe dabba a jeme a ɗora wa wani jiki na itace da waya da ciyawa ta tsaya kamar mai rai, ba ta yaɗu a ƙauyukanmu ba, ko da yake makiyaya sun daɗe da sanin wani abu mai kama da ita: maraƙi ya mutu, a cusa fatarsa da ciyawa a ajiye gaban uwar don ta saki nono. Masu nemanta a yau makarantu ne da gidajen tarihi da wasu mafarauta. Wanda zai yi, ya auna dabbar da igiya kafin fiɗa, tsawo da kaurin wuya da ƙirji, don fata tana sauya siffa. Yanka ɗaya a inda ba za a gani ba. A juya kunnuwa ciki ya koma waje, a buɗe leɓɓa da fatar ido a cire naman, don nan ne gashi ke fara zuba. Gishiri sau biyu, inuwa, ba rana ko kaɗan. Mai firiza da wuta tsayayya yana iya naɗe ta ya daskarar har ya shirya, amma da wutar da ke zuwa tana tafiya gara gishiri. Fatar tsuntsu siririya ce, garin boraks, wani farin sinadari mai hana ruɓa da ƙwari, ake barbaɗa mata. A da can da guba mai suna asenik ake wannan aiki, shi ya sa tsohon cushe na gidan tarihi ba abin shafawa da hannu ba ne. Sannan akwai doka: tun 1985 Najeriya take da dokar kare namun dajin da ke fuskantar ƙarewa, kuma damisa da kada da mesa suna cikin waɗanda ta shafa. Mai koyo ya tsaya kan zomo da zabo da ɗan akuya.

Jimar kurom

Kurom sinadarin jima ne na zamani, wanda ake kira chromium da Turanci. Jimarsa ita ce ta masana'antun Challawa da Sharaɗa da Bompai a Kano, kuma da ita ake jeme mafi yawan fatun duniya. Cikin yini guda ta kama, fatar ta fito shuɗi-shuɗi, mai laushi, mai jure ruwa. Ɗanyar fata tana tsukewa ta dahu a zafin da bai wuce digiri 65 ba, ta bagaruwa takan kai wajen 80, ta kurom kuwa har tafasasshen ruwa tana jurewa. Amma tana buƙatar asid da awo na daidai da injin juyawa da wurin tace ruwan da aka zubar. Mutanen da ke zaune a bakin kogin Challawa sun daɗe suna kuka da ruwan masana'antu. Ba abin da za a kawo bayan gida ba ne, kusa da rijiya da yara da kaji. Hulɗar mutumin ƙauye da kurom ita ce ya kai fata mai kyau ga dillali, shi ke nan.

| Hanya | Kuɗi | Daɗewa | Wahala | Babban haɗari |
|---|---|---|---|---|
| Shanya a ƙasa | Babu | Ba ta da tabbas | Babu | Ruɓa a ciki, karyewar farashi |
| Shanyar inuwa | Igiya da itace | Watanni | Kaɗan | Laimar damina, ƙwaro |
| Gishiri da laima | Kuɗin gishiri | Makonni | Matsakaiciya | Ƙarancin gishiri, nauyi |
| Gishiri a busar | Kuɗin gishiri | Watanni da yawa | Matsakaiciya | Jan laima a damina |
| Bagaruwa | Ladan majemi ko ƙarfinka | Shekaru | Mai yawa | Ciki ya zauna ɗanye |
| Alimun | Kaɗan | Shekaru in ba ruwa | Mai yawa wajen ja | Wankewa da ruwa |
| Kurom | Na masana'anta | Shekaru | Ba na gida ba | Guba ga ruwa da ƙasa |

Akwai fatar da teburin nan bai shafa ba, ita ce ta dabbar da ta faɗi ta mutu farat ɗaya, musamman in jini yana fita ta hanci ko ta baya. Wannan kada a feɗe ta sam, a kira malamin dabbobi. Cutar antaraks tana zama a jikin fata shekara da shekaru, gishiri ba ya kashe ta, shanya ba ta kashe ta, kuma tana kama mutum. A watan Yulin 2023 an tabbatar da ɓullarta a wata gona a Suleja. Ko a fiƙihun Malikiyya, Risala ta ce fatar mushe in an jeme ana iya amfani da ita amma ba a salla a kanta ba a kuma sayar da ita, don haka ribar da ake hange ba ta kai kasadar ba.

Wa ya kamata ya ɗauki wacce

Mahaucin da ke yanka kullum kuma dillali na zuwa kafin la'asar ba ya buƙatar komai sai fiɗa mai kyau da inuwa. Ya sayar ɗanya, ya huta. In kuwa sai ranar kasuwa yake kaiwa, Dambatta ranar Lahadi ko wata, gishiri da laima.

Kwamitin masallaci ko makarantar da ke tattara fatun layya: gishiri, ba wata magana. A tanadi buhunan tun watan Zulƙida, a share ɗaki mai iska, a sa matasa biyu ko uku da aikinsu kawai kankarewa da zuba gishiri yayin da fatun ke shigowa. A kuma sanar a masallaci cewa a kawo fata da wuri, a buɗe, ba a leda ba.

Mai layyar da yake son ya riƙe fatarsa: a mazhabarmu ba a sayar da fatar layya kuma ba a biyan mai fiɗa da ita, ko dai sadaka ko amfanin gida. In buzun da za a yi ta shimfiɗawa a waje kake so, sa gishiri ka kai wa majemi ya yi da bagaruwa. In farin rago ne kana son farinsa, kuma a ɗaka zai zauna, alimun.

Makiyayi ko mutumin ƙauyen da ke nesa da kasuwa, wanda fata ɗaya ko biyu ke faɗo masa jefi-jefi: daga kaka zuwa ƙarshen hunturu shanyar inuwa ta ishe shi, bai kashe komai ba. Da hadari ya fara haɗuwa, ya ajiye mudun gishiri don wannan.

Baduku mai jaka da kube da titimi da kayan doki, bagaruwa ce tasa, kuma ya fi kyau ya sayi fatar da aka adana da gishiri ko inuwa ya ba majemin da ya sani. Makaɗi ya nemi busasshiyar inuwa wadda gishiri bai taɓa ba, ya kuma tabbatar yankakkiya ce daga dabba mai lafiya. Mai koyon cushe ya fara da zomo: gishiri a awa ta farko, alimun bayan kwana biyu, kuma ya rubuta awon jikin tun wuƙa ba ta taɓa shi ba.